Farfesar Goge: Tarihin Wata Baƙar Fatar Amurka da Kiɗan Tsirkiya

Duk wanda ya tashi a irin ƙauyukanmu na arewacin Kano, tun daga Ɗambatta da Makoɗa har ya zuwa bakin iyakar Kazaure, ya san cewa ƙasa ce da babu sauran daji a cikinta. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida, in ban da burtali da 'yan itatuwan gawo da kuka da ɗorawa, babu abin da ya raba wannan unguwa da waccan. Saboda haka idan kaka ta yi, aka kwashe amfanin gona aka kawar da kara, sauti ba ya samun abin da zai tare shi. Muna yara mukan kwanta da dare mu jiwo kukan goge da amon ƙwarya daga wata unguwa da ba mu ma san ko wacce ba ce, iska na kawo shi tana mayarwa. Idan iyayenmu suka lura mun kasa kunne sai su daka mana tsawa, su ce mu yi addu'a mu yi barci. Babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya yi mana bayanin laifin abin. Kirarinsa kawai muka tashi muna ji a bakin manya, wato goge kan bidi'a, kuma wannan ya wadatar.

Da wannan tarbiyya muka girma, muka yi karatu, har muka zama malaman makaranta. To, sai ga shi da girmanmu mun ci karo da labarin wata mata a can Amurka wadda ta shafe fiye da shekara 30 tana nazarin wannan abu da ake kore mu daga sauraronsa, ta sami digirin digirgir a kansa, ta kai matsayin farfesa, ta shugabanci sashe guda a babbar jami'a. Sunanta Jacqueline Cogdell DjeDje, ana furta sunan na ƙarshe kamar a ce Jeje. Tarihin aikinta muke so mu ɗan gutsura wa 'yan'uwa marubuta, domin akwai abin dubawa a cikinsa. Tun da wuri kuma bari mu faɗa, ba fatawa muka zo bayarwa ba. Hukuncin kiɗa na malamai ne, sun kuwa yi magana a kai tun kafin a haifi kakanninmu. Namu tarihi ne.

Farfesa DjeDje ta tashi a wani ƙaramin gari da ake kira Jesup a Jihar Jojiya, can kudancin Amurka, wato yankin da aka fi gallaza wa baƙar fata tun zamanin bauta. Ta yi digirinta na farko a kan kiɗa a Jami'ar Fisk da ke Nashville, ta gama a 1970. Ita wannan jami'a an kafa ta ne a 1866 musamman domin 'yantattun bayi, kuma ta yi suna a duniya saboda ƙungiyar mawaƙanta da suka fara zagaya garuruwa a 1871 suna rera waƙoƙin da bayi suka ƙaga a gonakin auduga. Kiɗan da DjeDje ta koya a can na Turawa ne, na fiyano da rubutattun alamomi. Daga nan ta wuce Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wadda aka fi sani da UCLA, ta yi digiri na biyu a 1972 a fannin nazarin kiɗan al'ummu. Aikinta na farko a kan waƙoƙin addini na baƙaƙen fatar jiharsu ta yi shi.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan jami'a, domin ita ce mabuɗin labarin. A 1960 wani malami mai suna Mantle Hood ya kafa cibiyar nazarin kiɗan al'ummu a can, ya kuma zo da wata aƙida da ta bambanta da ta magabatansa. Kafin shi, Bature mai nazarin kiɗan Afirka ko na Asiya yakan ɗauko sautin ne a faifai, ya koma ofishinsa ya zauna yana auna shi kamar mai awon hatsi. Shi kuwa Hood cewa ya yi sam, wanda bai iya kaɗa abu da hannunsa ba, bai isa ya yi sharhi a kansa ba. Dole ɗalibi ya durƙusa gaban makaɗi ya koya, kamar yadda mai nazarin harshe yake koyon magana da harshen kafin ya rubuta nahawunsa. Wannan ne ya sa jami'ar ta shiga gayyato makaɗa da masana daga Indonesiya da Japan da Gana su koyar. Cikin waɗanda suka koyar a wurin har da Farfesa J. H. Kwabena Nketia, mutumin Gana, wanda aka haifa a 1921 ya rasu a 2019, marubucin littafin nan The Music of Africa na 1974. Shi ne ya zama malamin DjeDje.

A ƙasar Nketia ta haɗu da goge. A farkon shekarun 1970 ta tafi Jami'ar Gana da ke Legon, inda akwai Cibiyar Nazarin Afirka wadda Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe da kansa a 1963, Nketia kuma yake shugabanta. Abin da wannan cibiya ta yi, wanda har yau yake ba mu mamaki, shi ne ta ɗauki makaɗan gargajiya aiki a matsayin masu koyarwa, ana biyansu albashi, ba tare da an tambaye su takardar shaidar makaranta ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Salisu Mahama, wani gwanin goge daga ƙasar Dagomba a arewacin Gana. A gabansa wannan ɗaliba da ta ƙware a fiyano ta zauna ta koma 'yar koyo, tana fama da tsirkiya guda ɗaya tak.

Wanda bai taɓa riƙa goge ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Ƙwarya ce aka rufe bakinta da fatar guza, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsirkiya ta gashin wutsiyar doki, aka tokare ta da ɗan itacen da ake kira jaki. Abin gogawar shi ma ɗan baka ne mai gashin doki, ana shafa masa ƙaro don ya kama. Shi ke nan. To amma babu wata alama a jikin sandar da za ta nuna wa mai koyo inda zai ɗora yatsa, ba ya ma danna tsirkiyar har ta taɓa sandar, taɓa ta kawai yake yi da cikin yatsunsa, kunnensa ne alƙalinsa. Kuma a wurin gwani goge magana yake yi. Tun da Hausa da harshen Dagomba duk harsuna ne masu karin sauti, tsirkiyar tana bin hawa da saukar muryar mutum, har mai sauraro ya gane kirarin wa ake yi ba tare da an buɗe baki ba. Wannan ba ya rubutuwa a takarda yadda ya kamata, sai dai a zauna da mai shi.

Zaman da ta yi da Salisu Mahama ne ya jefa mata tambayar da ta zama aikin rayuwarta. A ƙasar Dagomba, inda ake kiran abin gonje, mai goge mutum ne mai daraja. Makaɗin fada ne, yana gaban Ya Na, babban sarkinsu da ke Yendi, yana da sarautarsa, sana'ar kuma gado ce, uba ya koya wa ɗa tun yana ƙarami tare da tarihin sarakunan da zai riƙa ambata. Su kansu Dagombawa Musulmi ne da yawansu. Abin da ya fi ɗaure kai, cikin waƙoƙin da masu gogen nasu suke rerawa akwai na Hausa, ko da yake su a tarihinsu daga ƙasar Gurma, a Burkina Faso ta yau, suka ce gogen ya zo musu. To, yaya aka yi abu ɗaya, ƙira ɗaya, har suna kusan ɗaya, ya zama kayan sarauta a Yendi, amma a Kano da Katsina ya zama na 'yan bori da gidajen magajiya? Neman amsar wannan ne ya kawo ta arewacin Nijeriya. A 1978 ta miƙa kundin digirinta na uku, wanda ya kwatanta gogen Hausawa da na Dagombawa, a 1980 kuma ta fitar da wani ɗan littafi da ya bi diddigin duk wuraren da ake samun goge a Afirka ta Yamma.

Wannan bin diddigi ya nuna cewa gogen da muke ɗauka namu ne mu kaɗai yana da dangi tun daga bakin Tekun Atilantika har Tafkin Cadi. Fulanin Senegal da Gambiya suna kiransa nyanyeru, Wolof su ce riti, Zabarmawa su ce goje, Yarabawa ma goje suke cewa. Wajen Buzaye sunansa imzad, kuma a can mata ne suke goga shi, maza na waƙa, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2013. Ra'ayin DjeDje shi ne asalin abin yana da alaƙa da cuɗanyar Afirka ta Yamma da Arewacin Afirka ta hanyar fataucin Sahara, kuma Fulani, saboda yawan ƙaurarsu, sun taka babbar rawa wajen yaɗa shi. Amma kowace al'umma ta karɓe shi ne ta ba shi mazauni daidai da tarihinta.

A ƙasar Hausa mazaunin da ya samu shi ne bori. Goge da garaya su ne ake kiran iskoki da su, kowane iska da taken da ake yi masa. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo a 1804, bori na cikin manyan abubuwan da aka yaƙa, kayan kiɗansa kuma suka sha suka tare da shi a littattafan malaman jihadi da waƙoƙin wa'azi. Wani Bajamushe mai suna Veit Erlmann, wanda ya yi bincike a Maraɗi, ya tattara abin da shugabannin jihadin suka rubuta game da kiɗa a wani littafi da ya fito a 1986. Tambari da kakaki da algaita sun tsira a fada, domin sarauta na bukatarsu. Goge bai sami mai tsaya masa ba, sai ya koma bayan gari. Da zamanin Turawa ya zo, aka yi jirgin ƙasa, aka yi bariki da otal, sai ya sami sabuwar kasuwa a can, wadda ta ƙara masa baƙin jini a idon mutanen kirki. Duk da haka, a wannan zangon ne ya fitar da gwanayen da rediyo ya yayata, irin su Garba Liyo da Audu Yaron Goge, sai kuma masu kukuma, ƙanwar goge, irin su Ibrahim Nahabu da Ahmadu Doka da Hassan Wayam. Mu dai mun shaida, dattawan da suke kore mu daga sauraron gogen unguwa, su ne kuma idan rediyo ya sako waɗannan mutane da rana tsaka ba sa murɗa akwatin.

A 1979 DjeDje ta fara koyarwa a UCLA, a nan ta zauna har ta yi ritaya a 2013. Ta koyar da darussan kiɗan Afirka da na baƙaƙen fatar Amurka, ta riƙe ma'adanar sautuka ta jami'ar, ta kuma shugabanci sashen nazarin kiɗan al'ummu. Ta yi rubuce-rubuce da dama a kan waƙoƙin cocin baƙar fata a Los Anjalis, ta shirya littattafai biyu na karrama malaminta Nketia. Ba za mu tsaya lissafa su ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne haƙurinta. Kundin da ta gama a 1978 ba ta yi gaggawar mayar da shi littafi ba. Ta ga cewa labarin bai cika ba muddin babu Fulani a ciki, saboda haka a shekarun 1990 ta sake ɗaukar jaka ta tafi Gambiya da Senegal, ta kuma koma Gana. Sai a 2008, wato shekara 30 cif bayan digirin, littafin ya fito daga maɗaba'ar Jami'ar Indiyana da sunan Fiddling in West Africa, yana ɗauke da kashi uku: Fulani, Hausawa da Dagombawa. Tare da shi aka fitar da faifan sautukan da aka ɗauka tun daga shekarun 1950 zuwa na 1990, da wani littafin na waƙoƙin. Ƙungiyar masana fannin ta Amurka ta ba shi kyautar Alan Merriam a 2009, ya kuma sami kyautar da aka sa wa sunan Nketia. Mu da muke rubuta littafi a hutun zango ɗaya mu garzaya da shi kasuwa kafin a koma makaranta, wannan ya isa ya sa mu ɗan sunkuyar da kai.

Akwai kuma wani ɓangare na aikinta da ya mayar da ita gida. A zamanin bauta, babu kayan kiɗan da bayin Amurka suka fi shahara da shi kamar gogen Turawa. Idan bawa ya gudu, ubangijinsa ya buga cigiya a jarida, sau da yawa cikin kamanninsa akan ambaci cewa ya iya goge. Solomon Northup, ɗan halas ɗin da aka sace a 1841 aka sayar, wanda ya ba da labarinsa a littafi a 1853, shi ma mai goge ne. DjeDje ta kawo hujjar cewa waɗannan mutane ba a hannun Turawa suka fara sanin tsirkiya da abin gogawa ba, da yawansu daga ƙasashen goge aka kwaso su. Daga baya jikokinsu suka yi watsi da abin, har aka wayi gari ana ɗaukarsa kiɗan fararen fatar ƙauye. Cikin dalilan akwai kamfanonin faifai da suka raba kiɗa gida biyu bisa launin fata, akwai kuma masu wa'azin coci da suka riƙa kiransa kayan Shaiɗan. Da muka karanta wannan sai da muka yi murmushi. Ashe har a hayin teku kirarin nasa bai canza ba.

To, mu a nan gida fa? Kada a ce ba a yi komai ba, an yi. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Fremont Besmer ya zauna da masu garayar bori a Kano, littafinsa ya fito a 1983. Cikin namu, Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Indiyana a 1975, Habibu Ahmed Daba ya yi nazarin Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuwa ya ba mu Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, ya kuma tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu masu ɗimbin yawa. Duk wanda ya koyar da adabin Hausa a sakandare ya ci moriyar waɗannan bayin Allah.

Sai dai akwai abin lura. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960. A wajenmu kuwa waƙa ta shiga jami'a ne ta ƙofar sashen harsuna, kuma da ta zo shiga sai ta ajiye kayan kiɗanta a bakin ƙofa kamar takalmi. Muna nazarin turke da salo da zubi da tsari, muna feɗe ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya, amma hannun da ke kan tsirkiya ba mu da abin cewa game da shi. An karrama Shata da digirin girmamawa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1988, abu ne mai kyau ƙwarai. Amma rigar girmamawa ta yini ɗaya daban take da aji da ɗalibai da albashi irin wanda aka ba Salisu Mahama. A ganinmu wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin Legon da nan, kuma ba kuɗi ne ya kawo shi ba, kunya ce. Ɗanmaraya ya rasu a 2015, Haruna Uji mai gurmi da Garba Supa sun riga shi. Muryoyinsu na nan a kaset da wayoyin hannu. Yadda suke sarrafa yatsu kuwa, wanda bai gani da idonsa ba ya rasa. Tun daga shekarun 1990 da finafinan Hausa suka bunƙasa, fiyanon situdiyo ya maye gurbin kusan komai, yaro ɗaya da na'ura yana fitar da sautin da a da sai an tara mutum shida.

Mu kanmu da muke wannan magana ba mu fita ba. Shekara da shekaru muna shiga aji muna rubuta wa yara a allo: kayan kiɗan tsirkiya su ne goge, kukuma, garaya, molo, gurmi, kuntigi. Su haddace, su zuba mana a jarrabawa, mu ba su maki. Bayan mun karanta labarin wannan farfesa, sai wata rana muka tambayi 'yan ajinmu ko akwai wanda ya taɓa ganin goge ido da ido. Waɗanda suka ɗaga hannu ba su da yawa, cikinsu ma da muka matsa sai ya zamana garaya wasu suke nufi. Wata yarinya ce daga can baya ta ce kakanta na wajen uwa mai goge ne, amma an hana su faɗa. Ajin ya fashe da dariya, ita kuma ta sunkuyar da kai, har aka tashi ba ta ƙara magana ba.

Wannan ne ya sa muka ƙudura cewa ko ba komai sai mun samo goge mun kawo makaranta, yara su gan shi su taɓa. Mun yi cigiya a kasuwar Ɗambatta Lahadi biyu a jere kafin a kwatanta mana wani tsoho a wata unguwa ta gabas da mu. Da muka je muka yi sallama, muka faɗi abin da ke tafe da mu, sai da ya daɗe yana dubanmu, ya ce, “Malam, aiko ku aka yi?” Muka rantse masa cewa don karatu ne. Ya ce shi ya tuba da kiɗa tun shekarar da ya sauke farali, nasa gogen ma gara ta cinye ƙwaryar, amma haɗawa ba kaɗawa ba ce, zai haɗa mana in mun kawo kayan. Ƙwarya ba ta yi wuya ba. Gashin doki sai da muka bi ta hannun wani mai kula da dawakin hakimi, fatar guza kuwa ta ɗauke mu kusan wata biyu, don mafarautan da ke kawo ta sun yi ƙaranci kamar yadda dajin ya yi.

Ranar da muka je karɓa, ya ɗaure tsirkiyar, ya gyara zaman jakin, ya shafa ƙaro. Ya ɗora shi a cinya ya ja sau ɗaya don ya ji ko ya ɗauru, wata irin ƙara mai daɗi ta fito, matan gidan suka leƙo ta kan danga. Sai ya yi sauri ya miƙo mana, ya ce, “Ungo, Malam, ku tafi da abinku.” Gogen yana nan cikin kabad a ofishin malamai. Duk shekara idan muka zo darasin kayan kiɗa mukan fito da shi, ya zagaya aji hannu zuwa hannu, yara su gwada, ya yi musu kuka irin na ƙyauren da ya rasa mai.